Baƙin Kaskon Adda Halime

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Adda Halime, a gangaren unguwarmu ta wajen kogin Binuwai, nan Garwa. Idan gari ya waye, kafin masu moto, wato 'yan acaɓa, su fara kai da kawo, abin da nake fara ji shi ne ƙarar taɓarya a turminta. Baƙo zai ɗauka hatsi take surfawa. Ba hatsi ba ne, fasassun tukwane take dakawa, ta tankaɗe garinsu ta cuɗa da yumɓu don kada sabon gini ya tsage a wuta. Abin da zan faɗa a nan, wani a bakinta na ji muna zaune a gindin darbejiyarta, wani kuma da idona na gani.

Ba a gidan magina aka haife ta ba. Kakanta farke ne, ya zo daga ƙasar Katsina da jakuna, ya ga kogi ya ga kasuwa, ya zauna. Mahaifinta ya yi cinikin goro da atamfa a babbar kasuwa, yayanta Hamadu kuma ya gaji rumfar. A gidansu tukunya abin saye ce. A je kasuwar Pitowa ranar Lahadi a ɗauko, idan ta fashe a watsar a bayan gida. Ta ce mini har ta yi aure ba ta taɓa tambayar kanta wa ke yin abin da take shan ruwa a ciki ba.

Mijinta Saleh direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Shi ke kawo wa mahaifinta kaya, a nan suka ga juna, suka daidaita, iyaye suka sa albarka. Ba a daɗe da biki ba ya samu aikin ɗaukar farin dutse daga wurin haƙa zuwa masana'antar siminti a Figil, sai ya tattara amaryarsa suka tafi.

A bayan kamiyon aka ɗaure kayanta, har da randar da mahaifiyarta ta ba ta. Da aka sauke, randar ta tsage tun daga wuya har gindi. Ga zafin Figil, ga ruwan bokiti da rana kamar an ɗora a murhu. Matar mai gidan da suka kama haya ta nuna mata wani gida mai dangar kara a ƙarshen layi, ta ce ta je can, akwai maginiya.

Maginiyar ita ce Albertine, 'yar ƙabilar Gidar, Kirista, matar maƙeri, ta girmi Halime da shekaru masu dama. Halime ta same ta a duƙe tana zagaya wata ƙatuwar randa da baya da baya, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ta yi sallama. Matar ta amsa ba tare da ta ɗago ba, sai da ta kai ƙarshen zagayen. Da Fillanci suka yi magana, shi ne harshen da ya haɗa su.

"Randa nake so," in ji Halime.

"Babu gasasshiya. Waɗannan duk ɗanyu ne, sai sun bushe."

"To yaushe zan dawo?"

Albertine ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ga lallen amarci bai gama goguwa daga ƙafarta ba. Ta shiga ɗaki ta juye ruwan tulunta a wata tukunya, ta fito da shi.

"Riƙe wannan kafin taki ta gasu. Baƙuwa ba ta shan ruwan zafi a garinmu."

Da randar ta gasu Halime ta mayar da tulu, amma ba ta daina zuwa ba. Saleh yana fita da asuba, ba ya dawowa sai magariba. Ɗaki ɗaya ne, shara da wanke-wanke ba sa cin safiya. Ba ta san kowa ba. Sai ta ɗauki mayafi ta je ta zauna a kan turmin da aka kife, tana kallo. Albertine ba mai yawan magana ba ce. Wata rana dai ta ce, "Zamanki yana sa ni jin nauyi. Tashi daga kan turmin nan ki daka mini tsingaro."

Daga dakan tsingaro aka koma taka yumɓu da ƙafa, daga nan aka koma murza shi dogo-dogo kamar igiya. Albertine tana kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta ta bubbuga har ya ɗauki siffar gindi. Idan ya sha iska ta cire, ta juya, ta riƙa ɗora igiyoyin nan ɗaya bisa ɗaya tana haɗe su da yatsa, tana kankarewa da sakaina. Baki kuma da jiƙaƙƙen tsumma take gyara shi. Babu injin da ke juyawa, maginiya ce ke juyawa.

Tukunyar Halime ta farko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Da aka sa a wuta sai ta yi ƙara ta tarwatse, har ta fasa wata ta Albertine da ke kusa da ita. Halime ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Albertine ta tsince gutsattsarin da icce, ta ce, "Mun samu na daka." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Saleh ya gane ne ta faratanta. Suna cin tuwo ya kama hannunta ya duba, ya tambaya, ta faɗa masa gaskiya tana jiran faɗa. Sai ya yi dariya ya ce, "Wato ni ina yini da dutse, ke kina yini da laka. Allah ya haɗa mu." Tun daga nan idan ya ga ƙasa mai launi a inda aka yanka hanya, ja ko fara, sai ya tsaya ya ɗebo mata a leda. Albertine ta koya mata jiƙa jar ƙasa, a tace, a bar ta ta kwanta, a shafa ruwanta mai kauri a jikin tukunya kafin gashi, a goge da santsin dutsen rafi har ta yi ƙyalli.

Tana da cikin fari lokacin da yayanta Hamadu ya zo Figil sayen siminti, ya biyo don ya gan ta. Bai same ta a ɗaki ba, aka raka shi gidan Albertine. Ya tsaya a bakin danga da farar rigarsa, ya ga ƙanwarsa zaune a ƙasa, laka har gwiwar hannu. Ya juya, ta tashi ta bi bayansa. Sai da suka koma ɗaki, ta wanke hannu ta kawo masa ruwa, sannan ya fara magana.

"Halime, me na gani?"

"Tukunya ce, Hamma."

"Na san tukunya ce. Saleh ya gaza ciyar da ke ne?"

"Bai gaza ba. Ni ce nake so."

"Kin san su wa ke wannan sana'a a ƙasar nan? Matan maƙera. Akwai gidajen da ba sa cin abinci kwano ɗaya da su, balle su ba su aure. Ni ba na cewa daidai ne, amma haka mutane suke. Gobe abin da ke cikinki ya girma, a zo binciken asali, me kike so a ce?"

Ba ta mayar masa da magana ba, ba a yi mata tarbiyyar haka ba. Ta dafa masa abinci, ya ci kaɗan, ya tafi. Da Saleh ya dawo ya same ta ido ya kumbura. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Idan kin gaji da shi, ki bari. Idan kuma don Hamma ne, to ni ne mijinki, kuma ban hana ba. Sauran ya rage naki."

Ta bari. Ta yi makonni ba ta taka ƙarshen layin ba, idan za ta kasuwa sai ta zagaya ta wata hanya. Abin da ya fi damunta ba rashin yumɓun ba ne, rashin abin da za ta ce wa Albertine ne. Ran nan sai ga Albertine da kanta a ƙofar ɗaki, ta kawo mata ɗan ƙaramin kasko na dafa maganin jego.

"Na ga mai farar riga," in ji ta. "Ba sai kin faɗa mini abin da ya ce ba. Tun ina yarinya nake jin sa. Bai yi miki ƙarya ba, haka ake faɗa. Ni a ciki aka haife ni, ke kuwa ƙofarki a buɗe take. Idan kin fita ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Halime ta ce mini wannan maganar ce ta yanke mata shawara. Ta ga cewa idan ta zauna a ɗaki, ta yarda ke nan matar da ta juye ruwanta ta ba ta tulu ba ta kai a zauna da ita ba. Washegari ta ɗaura tsohon zane ta koma. Tun daga ranar take kiran Albertine Adda, wato babbar yaya, kamar yadda ni nake kiran Halime yanzu.

A Figil ta haifi Ikram, ta haifi Taufiƙ. Sun yi shekaru a can kafin Saleh ya samu aikin ɗaukar auduga, suka dawo Garwa suka sayi filin da ke jikin namu. A nan na fara sanin ta.

Dawowar ba ta zo mata da sauƙi ba. Yumɓun Figil da ta saba da shi babu shi a nan. Abin da ke kusa shi ne baƙar lakar fadama, irin wadda ake dasa dawar rani a kanta, wadda idan ta bushe take darewa har ƙafar akuya ta shige. Ta roƙi wani manomi mai suna Sylvain ya bar ta ta riƙa haƙa a gefen gonarsa, ya yarda, ya ce dai ta riƙa cike ramin kada shanu su karye. Duk abin da ta gina da lakar nan sai ya tsage tun kafin ya ga wuta. Rani guda ta yi tana fama. Ta ƙara tsingaro, ta ƙara yashi, ta rage, ta shanya a inuwa ta lulluɓe da buhu. Ina leƙawa ta katanga in ga ta jera fasassu kamar mai shanyar kuɓewa. Na taɓa ce mata, "Adda, ki kama sayar da ƙosai mana, ki huta." Ta ce, "Aminatu, lakar nan tana da abin da take so, ban dai gano ba tukuna." A ƙarshe ta gano: sai an jiƙa ta ta daɗe a rami ta yi tsami, a haɗa da tsingaro mai yawa da ɗan jan yumɓun tudu, kuma kada a yi mata gaggawar bushewa.

Sai dai lokacin da ta shawo kan lakar, kasuwar tukwane ta riga ta ja baya. Roba ta cika gari, tukunyar ƙarfe ta shiga kowane madafi. Randa da tulu suna tafiya lokacin zafi, sauran watanni kuwa sai a hankali. Abin da ya buɗe mata hanya wata 'yar kasuwa ce daga Kuseri mai suna Su'ad, mai sayar da turaren wuta da humra, wadda take zuwa Garwa da kayanta tana sauka a unguwarmu. Mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda, Hausarta cakuɗe da Larabcin Shuwa. Ta ga wani kasko da Halime ta yi wa kanta, baƙi wuluk, don ta turbuɗa shi a ƙaiƙayi yana da zafi hayaƙi ya shige shi.

"Wannan nake so," in ji Su'ad. "Amaren wajenmu ba sa shiga ɗaki ba kaskon turare. Amma baƙi tsurarsa kamar gidan makoki. Ki sa masa fari, ya yi ado."

Halime ta jiƙa farar ƙasa ta tace, ta gina kasake masu ƙafa da murfi mai huji-huji, ta goge su har suna ɗaukar ido, ta zana musu farin da gashin kaza. Kafin wuta sun yi kyau ƙwarai. Ta gasa, ta rufe da ƙaiƙayi kamar kullum. Da ta tone, babu fari ko ɗigo. Hayaƙi bai bar komai ba, duk sun koma baƙi. Ta jera su a jikin katanga ta shiga ɗaki ranta a ɓace.

Da hantsi Saleh yana zaune yana shan shayi, rana ta faɗo a kan kasaken ta gefe. Sai ya ƙwala mata kira.

"Maman Ikram, zo ki ga zanenki."

"Wane zane? Wuta ta cinye."

"Ba ta cinye ba. Zo ki tsaya nan inda nake."

Ta zo ta tsaya. Inda ta goge da dutse yana ƙyalli, inda ta shafa ruwan ƙasar kuma ya yi baƙi dishi-dishi, ba ƙyalli. Zanen yana nan ɗaya bayan ɗaya, baƙi a kan baƙi, sai an juya kaskon yake fitowa. Ta ɗauki ɗaya tana juyawa a rana.

Da Su'ad ta zo ta fara da masifa, ina farin da aka yi alkawari. Halime ta miƙa mata ɗaya ta ce ta fita da shi tsakar gida. Muna jin ta daga can tana salati. Ta kwashe su duka, amma ta ce ba ta janye ba, farin ma tana so. Shi ma Halime ta samo masa dabara daga baya: ta tsaga zanen da tsinke tun yumɓu yana ɗanye, bayan gashi ya huce ta cike tsagar da farar ƙasa da aka dama da ƙaro, ta share saura. Haka ta zama tana da iri biyu. Matan unguwa suka sa wa ɗaya "mai fari", ɗayan kuma "mai kunya", don ba ya nuna kansa sai an matso. Daga Kuseri kasaken suka bi amare zuwa Maruwa da Yagwa, har tsallaken kogi.

Ba zan ce maganar Hamadu ta faɗi ƙasa banza ba. Da Ikram ta gama karatun aikin jinya, wani yaro ɗan gidan 'yan kasuwa ya fito neman ta. An yi gaisuwa, an fara maganar sa rana, sai wata gwaggonsa ta zo ganin gida ta tarar da ramin gashi da tarin tsingaro. Bayan haka ƙafa ta ɗauke. Ba su faɗi dalili ba, amma kowa ya sani. Ban taɓa ganin Adda Halime ta rame kamar wannan lokacin ba. Turminta ya yi shiru. Ikram ce ta riƙa lallashin uwarta, tana cewa gara da aka gane su tun yanzu. Abin mamaki, wanda ya fi kowa fushi shi ne Hamadu. Lokacin ya zama Alhaji, gemu ya yi fari. Ya je har rumfar uban yaron ya faɗa masa abin da ya faɗa, sannan ya biyo gidan ƙanwarsa ya zauna a tabarma yana huci.

"Ni in faɗa miki magana daban," in ji shi, "wani can ya raina ki daban. Su wa ye su? Kakansu a gidanmu ya sauka."

"Ka yi haƙuri, Hamma. Ka faɗa mini tun a Figil."

"Na faɗa, kuma har yanzu ban ce ina son sana'ar nan ba. Amma tashi ki ci gaba da aikinki. Kada su ji an ce kin daina saboda su."

Har yau bai taɓa yaba kasko ko ɗaya ba. Ikram kuwa ta auri wani abokin aikinta, suna zaune lafiya a Ngawundere.

Duk shekarun nan zumunci da Albertine bai yanke ba. Da sallar layya Saleh yana aika mata cinya ta hannun direbobi, ita kuma da Kirsimeti ta aiko da gyaɗa da kaji. Da waya ta zo, sai suka riƙa kiran juna suna ihu kamar wayar ba ta kai murya. A wayar ne Halime ta lura Addarta ta daina ba da labarin gashi. Da ta matsa, sai ɗan Albertine, Éric, ya karɓi wayar ya ce yanar ido ta rufe wa tsohuwar ido biyu, kuma ta ƙi yarda a kawo ta asibitin Garwa, wai ba ta da inda za ta sauka.

Halime ta ce, "Ba ni ita." Da aka ba ta, ta ce, "Adda, ni na mutu ne?"

Éric ya kawo ta a mota. Na ga saukowarta, ƙaramar tsohuwa, ta kama hannun ɗanta, idanu fari fat. Halime ta ba ta ɗakin Ikram. Likita ya sa musu rana nan gaba, saboda haka ta zauna jira. Kwana kaɗan ta gaji da zaman. Ta ce a kai ta inda yumɓu yake. Ta dunƙula baƙar lakar, ta shinshina, ta murza a yatsa, ta ce, "Wannan ai mai taurin kai ce. Yaya kika yi da ita?" Halime ta ba ta labari tun daga farko. Tsohuwar ta sa aka kifa mata tukunya, ta gina tulu ba tare da tana ganin komai ba, kuma ya fito daidai kamar an auna.

Halime ta sa mata "mai kunya" a hannu. Albertine ta shafa, ta sake shafawa, yatsanta yana bin inda santsi ya ƙare.

"Akwai zane a nan," in ji ta. "Ga ganye, ga wani kamar tsani. Wa ya koya miki wannan? Ba ni ba ce."

"Kuskure ne, Adda. Fari na so, hayaƙi ya ƙi."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

An yi aikin ido ɗaya, ya yi kyau. Ranar Lahadi Taufiƙ ya kai ta coci a bayan moto ya jira ta a waje, don ta ce sai ta je ta yi godiya. Da aka cire bandeji a asibiti aka dawo da ita gida, mu maƙwabta muka taru yi mata barka. Ta dubi Halime ta daɗe, ta ce, "Ashe kin tsufa." Sannan ta ce a kawo mata kaskon nan ta gani. Ta juya shi a haske, ta juya, muna jira mu ji yabo. Sai ta ce, "Zanen ya yi. Amma ƙafar nan ɗaya ta fi sauran gajarta." Halime ta karɓa ta ajiye a ƙasa, ya ɗan girgiza. Ta ce, "Gaskiya ne." Ta ce mini daga baya ta fi jin daɗin wannan gyaran a kan duk yabon da ta taɓa samu, don ta tabbata idon ya warke.

Albertine ta zauna har aka yi ido na biyu, sannan ta koma Figil wurin jikokinta. Tana nan da ranta, tana gini kaɗan-kaɗan.

Yanzu Saleh ya yi ritaya, ko retret kamar yadda yake faɗa. Shi ne mai wuta. Shi ke tara kashin shanu da itace, shi ke zuwa injin casar shinkafa ya ɗauko ƙaiƙayi a kura, kuma ba ya yarda kowa ya tone rami sai ya ce ya yi. Gwiwar Adda Halime ta fara ciwo, ta daina manyan randuna masu sa zagaye, ta koma kasake da butoci da 'yan tuluna, tana zaune a kujera 'yar tsugunno.

Na ɗauka sana'ar za ta tsaya a kanta, don Ikram ba ta taɓa sha'awa ba. Sai Taufiƙ ya auro Khaula, 'yar Maruwa, mai yi wa amare lalle. Yarinya ce mai kunya, watanninta na farko ko ido ba ta haɗawa da surukarta. Wata rana Halime ta tafi ta'aziyya ta bar kasake a goge, ga ruwan farar ƙasa a ƙoƙo. Khaula ta ɗura shi a 'yar ledar da take matsa lalle, ta zana ɗaya, wai ta gwada ta goge kafin a dawo. Ba ta ankara ba sai ga sallama. Ta miƙe tana ɓoye hannu a zane.

"Inna, ki yi haƙuri. Yanzu zan goge."

Halime ta ɗauki kaskon ta duba. Layin siriri ne kamar zare, irin wanda gashin kaza ba zai taɓa yi ba.

"Kada ki goge. Ina abin da kika yi da shi?"

Khaula ta fito da ledar. Halime ta gwada, ya tsiyaye mata a yatsu, suka yi dariya su biyu, karon farko da na ji dariyar yarinyar ta katanga.

Tun daga nan suka raba aiki, uwa tana gini, suruka tana zane, kuma a hankali Khaula ta fara sa hannu a yumɓun ma. Ba kullum suke shiri a kan ado ba. Khaula tana son furanni su cika ko'ina, Halime kuwa tana cewa a bar wa baƙin wuri ya sha iska. Jiya da hantsi na shiga aron rariya na same su a kan haka, kasko ɗaya a tsakaninsu.

"Inna, fure ɗaya kawai zan ƙara a murfin."

"Haka kika ce ɗazu, kika ƙara uku."

"Amaren yanzu haka suke so."

Halime ta juyo ta dube ni. "Aminatu, raba mu. Ya cika ko bai cika ba?"

Na ce ni rariya na zo ara. Saleh daga bakin rami ya ce su yi sauri su gama gardamar, iska ta kwanta, yanzu ne lokacin kunna wuta. Halime ta tura wa Khaula kaskon, ta ce ta ƙara ɗayan, amma ƙarami. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta fara miƙa wa mijinta busassun kasake ɗaya bayan ɗaya yana jerawa.